Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarar da Sola ta Shigo Ɗakina

A makon jiya na tsaya inda na kwashi adashe, na haɗa da kuɗin ragon da na sayar gab da Babbar Sallar 2023. Maigida ya so in sayi saniya. Ni kuwa hankalina na wani wuri.

Ƙauyenmu da ke bayan Ringim bai taɓa ganin wutar Nepa ba. Turaku dai an kafa tun ina budurwa, waya ce har yau ba a ja ba. Cajin waya sai wurin ƙanin maigida, mai ɗan janareta a bakin kasuwa. To, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare ranar 29 ga Mayun shekarar, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. Ƙanin maigida ya ƙara kuɗin caji, mutane suka yi ta ƙorafi, daga baya ma sai ranar kasuwa yake tayar da injin. Wayoyi suka mutu a aljihu, mata masu miji a Legas suka rasa yadda za su ji an turo kuɗin cefane.

Na ba yayana kuɗin, ya sayo mini farantin sola da batir da kwantirola mai daidaita caji a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Mai haɗawa ya ja mini kunne: kada in bari batir ya zuƙe ƙarƙaf, in ya sauka rabi in kashe komai; in hunturu ya shigo a riƙa goge farantin, don ƙura na cinye caji kamar yadda hadari ke yi da damina. Wannan aiki na ɗora wa babban ɗana, shi ke hawa rufi da tsumma kowace safiya.

Ina cikin kulle, amma kasuwa ta same ni har ɗaki. Yara ke kawo wayoyi daga zaure, ina manna wa kowace takarda da sunan mai ita. Kuɗin kananzir da na batirin tocila suka tsaya a hannuna. Abin da ya fi kuɗin daɗi, da daddare tsakar gidanmu ta zama dandali: yara na bitar allo da aikin makarantar boko a ƙarƙashin ƙwan lantarki, maƙwabta na ɓarar gyaɗa, masu ɗinkin hula na ƙarasa aikin da a da magariba ke katse musu. Har ungozoma ta taɓa aiko a ara mata fitilata mai caji cikin dare.

Sai dai cinikin nan daga bakin wani na ɗauke shi, kuma ɗan gida ne. Ƙanin maigida, wanda kullum sai ya tsokane ni kafin ya zauna, ya daina shigowa. Da muka haɗu wajen suna, cewa ya yi, "Matar Yaya, an zama manyan 'yan kasuwa, mu sai mu koma gona." Ya yi dariya, amma ba irin ta wasan da muka saba ba.

Bayan la'asar washegari Inna ta aiko jikarta. "Wai ki zo yanzu, ki taho da littafin da kike rubuta cinikin."

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.