Yara arba'in, bishiya ɗaya

Da na fara koyar da zane a firamare, yadda aka koya min haka na riƙa yi. In zana bishiya a allo, in ce a kwafa, wanda tasa ta fi kama da tawa shi ke cin maki. Wata rana ina duba littattafansu sai na ga bishiya arba'in iri ɗaya, har kuskuren da hannuna ya yi a reshen hagu sun kwafe shi tsaf. Ga bishiyar gaske tsaye a bakin taga, ba wanda ya ɗaga kai ya dube ta. Abin ya tsaya min a rai.

Sai na sakar musu mara gaba ɗaya. Na karanta labarin Franz Cizek, wanda ya buɗe ajin zanen yara a birnin Viyana a 1897, ya hana kwafa, ya bar kowane yaro ya fitar da abin da ke ransa. Ƙananan sun ji daɗi ƙwarai. Amma 'yan shekara tara zuwa goma sai su dunƙule takardar su ce, "Malam, ni ban iya ba." Yabona ma ba ya shigar su, don sun san abin bai yi ba. Viktor Lowenfeld, wani masanin koyar da zane, ya bayyana wannan mataki a littafinsa na 1947: a wajen shekara tara yaro kan fara son zanensa ya yi kama da abin da ido ke gani. In ba a nuna masa hanya a nan ba, ajiye fensir zai yi, wani har girmansa.

Yanzu nakan ce kowa ya cire takalminsa ya ɗora a tebur. Minti biyar ba a taɓa fensir, kallo kawai. Ina ya cinye? Ta ina inuwa ta faɗo? Tsawonsa ya ninka faɗinsa sau nawa? Wata yarinya da ta daɗe tana ɓoye littafinta ta zana dunduniyar da ta zaizaye gefe guda, da baƙin zaren da aka ɗinke maɗaurin da shi. Ta ce kullum tana sa shi, amma sai yau ta lura ta gefe take takawa.

Maki ne har yanzu ke damuna, don dole a cika takardar sakamako da lamba. Na daina gwada yaro da ɗan'uwansa. Kowa na buɗe masa fayil, ƙarshen zango in shimfiɗa zanensa na farko kusa da na ƙarshe, in kira shi mu duba tare.