Haɗa Na'urar Sauraro a Gida: Agogo da Wuta Sun Fi Waya Mai Tsada Muhimmanci

Duk wanda ya shiga kasuwar Alaba da ke Ojo, ko Computer Village ta Ikeja, yana neman kayan haɗa na'urar sauraro, wato mai ɗauko sauti daga intanet ko faifan ajiya ta kai shi lasifika, abin da za a fara miƙo masa shi ne waya mai kauri da baki ruwan zinare, tare da alkawarin cewa ita ce maganin abin da ake rubutawa jitter a jikin kwalaye. 'Yan'uwa da dama a nan Agege, masu son jin karatu ko kiɗan kukuma da kalangu tangaran ba tare da ƙura ba, sun tambaye ni ko su saya. Amsata ita ce su dakata, domin kuɗin yana da wurin da ya fi dacewa da shi, kuma a gari irin Legas wurin ya bambanta da abin da ake faɗa wa mutanen Turai.

Sautin da ke cikin faifan CD lambobi ne, an auna shi sau 44,100 a kowace daƙiƙa, wato tsakanin awo ɗaya da na gaba kusan kashi 23 ne cikin miliyan na daƙiƙa. Na'urar DAC ita ce ke mayar da waɗannan lambobi su koma sauti, kuma dole ta fitar da kowanne a daidai lokacinsa, bisa bugun wani ɗan ƙaramin agogo. Idan bugun ya riƙa gaggawa kaɗan yana jinkiri kaɗan, lambobin suna nan daidai, babu wanda ya ɓata, amma an ajiye su ba a muhallinsu ba. Kamar makaɗi ne da ya san kiɗan sarai amma hannunsa yana rawa. Wannan karkarwar agogo, wadda ake kira jitter, ita ce matsalar, kuma a wajen sauraro ba ta da tasiri sai a wuri guda, wato inda lambobi ke komawa sauti.

Saboda haka intanet ba ta cikin masu laifi. Sautin da ke zuwa ta rauta, na'urar da ke raba intanet a gida, ko ta waya ko ta iska, yana isowa ne a ƙunshi-ƙunshi, a tara shi a ma'ajiyar wucin gadi, sannan a riƙa ɗiba bisa agogon na'urar. In layin ya yi rauni sauti zai katse ne gaba ɗaya, kowa kuma zai ji, amma ba zai dusashe a ɓoye ba. Abin da ya fi damun mu game da intanet shi ne tsadar data, domin sauti mai ingancin CD yana cin kilobit 1,411 a daƙiƙa, kusan megabait 635 a awa guda, ko kimanin rabin haka zuwa kashi biyu cikin uku idan an matse shi da tsarin FLAC. Shi ya sa nake ajiye nawa a faifan ajiya a gida.

Da yawa daga cikin masu haɗa irin wannan na'ura suna farawa ne da Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar nan da ta fito daga Ingila a 2012, wadda ba ta fi tafin hannu ba. A samanta akwai ƙusoshi 40 da ake dasa allon DAC a kai, kuma suna magana da juna ta tsarin I2S wanda kamfanin Philips ya fitar a 1986. Kyawun wannan tsari shi ne lambobi suna da layinsu, bugun agogo ma yana da nasa, ba a cakuɗa su. An yi shi ne domin gajeriyar tazara a cikin akwati ɗaya, don haka wanda ya ja wayoyinsa suka yi tsawo ya zubar da amfaninsa.

Sai dai akwai wani abu da masu sayarwa ba sa ambata, kuma a ganina shi ne zuciyar maganar. Agogon da ke cikin Raspberry Pi 3 yana bugawa sau miliyan 19.2 a daƙiƙa, wannan adadi kuwa ba ya rabuwa daidai da 44,100, dole sai an bar saura. Kwamfutar takan rufe gibin ta hanyar tsawaita wani bugu da gajarta wani, ta yadda jimillar za ta fito daidai, wanda hakan karkarwa ce da aka ƙirƙira da gangan. Maganin shi ne allon DAC mai agogon kansa, irin HiFiBerry DAC+ Pro, wanda ke ɗauke da agogo biyu: ɗaya na dangin 44,100, ɗaya na dangin 48,000 da ake amfani da shi a bidiyo. Adadin da aka saba gani a irin waɗannan alluna shi ne miliyan 22.5792 da miliyan 24.576, kowanne kuma ninki 512 ne cif na danginsa. A nan allon ne ke ba da umarni, kwamfutar tana miƙo lambobi ne kawai lokacin da aka nema. Idan mutum zai ƙara kuɗi a kan abu ɗaya, to ya ƙara a kan wannan.

Wanda ya riga ya mallaki DAC na waje, ko amfilifaya tokunbo, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, mai DAC a ciki, yana da hanyoyi uku. Ta USB, in dai na'urar irin wadda ke jan lambobi bisa agogonta ce, matsalar ta kau kamar yadda ta kau a allon da na ambata, kuma Raspberry Pi 4 da ta fito a 2019 ta fi dacewa, domin a samfurin da ya gabace ta ramukan USB da na wayar intanet hanya ɗaya suke bi. Ta S/PDIF kuwa, tsarin da Sony da Philips suka haɗa, lambobi da agogo suna tafiya a waya guda, sai mai karɓa ya tsamo agogon daga ciki, kuma abin da ake buƙata kawai waya ce mai om 75 (ma'aunin turjiyar waya ga lantarki), ba mai zinare ba. Ta uku ita ce TOSLINK ta kamfanin Toshiba, mai aika haske a maimakon lantarki, wadda masu awo suka daɗe suna cewa ta fi sauran karkarwa.

Duk da haka, a gidajenmu na Legas ita nake yawan ba da shawara a kai. Gwaje-gwajen sauraro sun nuna cewa kunne ba ya kama karkarwa a cikin kiɗa sai ta kai gomman kashi cikin biliyan na daƙiƙa, DAC na zamani kuwa yana tace ta har ta yi ƙasa da haka nesa. Abin da kunne ke kamawa nan take shi ne ƙugin lantarki. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, gidajen haya da yawa ba su da wayar ƙasa mai aiki a soket, ga janareta, ga inbata mai arha da ba ta fitar da wuta sumul. Da zarar an haɗa kwamfuta da amfilifaya da wayar ƙarfe, wannan datti ya sami hanyar bi, sai a ji lasifika tana gunji ƙasa-ƙasa a bayan muryar mai karatu. Wayar haske ba ta ɗaukar lantarki ko kaɗan, don haka tana yanke wannan hanya gaba ɗaya. Ina ganin karɓar karkarwar da ba a ji domin a rabu da ƙugin da ake ji ciniki ne mai riba.

Ita kanta kwamfutar tana buƙatar bolt 5 tsayayye, Raspberry Pi 4 kuma har amfiya 3, abin da cajar waya ta bakin titi ba ta iya bayarwa. Fawa-banki yana taimakawa wajen raba na'urar da wutar gida, amma a gwada shi tukuna, domin wasu suna yanke wuta na ɗan lokaci idan aka sa su caji ko aka cire, kwamfutar kuma sai ta mutu ta sake tashi. Ɗaukewar wuta ba zato tana lalata katin memori idan ta zo ana cikin rubutu a kansa. Manhajojin Volumio da moOde suna da sauƙin sarrafawa daga wayar hannu, amma saboda wannan dalili na fi karkata ga piCorePlayer, wadda ke ɗora kanta gaba ɗaya a ƙwaƙwalwar wucin gadi idan ta tashi, ba ta taɓa katin sai an umarce ta da ta ajiye wani canji. Akwatin da za a sa kwamfutar da allon a ciki ya kasance mai ramukan shan iska, kuma mazauna kusa da ruwa, irin su Obalende da Lekki, su riƙa duba bakin wayoyi lokaci-lokaci, domin damshi da gishirin iskar teku suna sa su tsatsa da wuri.