Giɓi biyu a hasken 4U 1916-053

Aikin da Malam ya ba ni a shekarar digirina na biyu, a baki ba shi da wuya. Ya ce in sauko da tsofaffin bayanan da tauraron ɗan Adam na XMM-Newton ya ɗauka a 2002 kan wasu tagwayen taurari da ake kira 4U 1916-053, in nemo giɓin da ƙarfe ke bari a haskensu. Bayanan kyauta ne, suna ajiye a intanet ga duk mai so. Sauko da su kaɗai ya ci mini dare biyu, don wuta ta yi ta ɗaukewa ana tsaka da aiki.

Tagwayen nan, ɗaya tauraron niyutron ne, ɗan mitsitsi mai nauyin tsiya, ɗayan kuma ƙaramin abokin tafiyarsa ne da yake yi wa tatsa. Suna zagaya juna cikin minti 50 kacal. Gas ɗin da ake tatsowa ba ya faɗawa kai tsaye, sai ya yi ta kewaye ya zama kamar faifai, ya yi zafi har ya riƙa fitar da hasken eks-re. Mu kuma daga nan duniya kusan ta gefe muke kallon faifan, shi ya sa hasken kan ratsa gas ɗin da ke samansa kafin ya iso gare mu. Zafin hasken ya riga ya kwashe wa ƙwayar ƙarfe kusan duk ilektron ɗinta 26. Wadda aka bar wa biyu ita ce Fe XXV, tana shanye haske a daidai 6.70 keV (keV ma'aunin ƙarfin ƙwayar haske ne, keV ɗaya eV dubu ne). Wadda aka bar wa ɗaya tak ita ce Fe XXVI, tana shanyewa a 6.97 keV. Idan ka jera hasken bisa ƙarfinsa, sai ka ga wurare biyu sun lotsa kamar wushirya.

Kuskurena na farko gaggawa ce. Na tattara hasken duka na zuba a tukunya ɗaya, na ce wa XSPEC, manhajar da ake daidaita lissafi da bayanan haske da ita, ya daidaita. Layin da ya fito bai zauna ba sam, ɗigogin bayanan suna ta hawa da sauka a gefensa, ni kuwa duk inda na ga lotsawa sai in sa mata suna. Har na samo "layi" (wato giɓi) a kusa da 2.2 keV na fara murna, ashe zinariyar da aka shafe madubin na'urar da ita ce ke barin tabo a wurin. Malam ya leƙo allon kwamfutar, bai ce komai kan layin ba. Ya ce, "Ka duba yadda hasken ke tafiya da lokaci kuwa?" Ban duba ba. Da na zana shi sai ga abin a fili: a kowane zagaye hasken yakan dusashe na ɗan lokaci, sa'ad da kumburin bakin faifan ya gifta tsakaninmu da tauraron. Na haɗa lokacin dusashewa da lokacin haske sosai, na yi musu kuɗin goro.

Da na raba su, giɓin biyu suka fito tsaf. Nan ne aikin ya fara yi mini daɗi. A lokacin dusashewa giɓin Fe XXV ya fi zurfi idan aka gwada da na Fe XXVI, wato gas ɗin da ya tare mu a lokacin ya fi yawa, kuma haske bai ƙone shi sosai ba. Akwai ɗan lissafin da ake auna wannan da shi: ƙarfin hasken tauraron, a raba da cunkoson gas ɗin da kuma nisansa daga tauraron sau nisan. Daga zurfin giɓi biyu kawai mutum zai fara kintatar inda gas yake a faifan da babu madubin da ya taɓa ganinsa. Har yau abin yana ba ni mamaki.

Kuskure na biyu shi ya fi ba ni kunya. Giɓin Fe XXVI ya fito mini a ɗan sama da inda ya kamata, da kamar eV 20. Idan gas na tahowa wajenmu, giɓinsa kan matsa sama daidai da gudunsa. Na buga lissafi, ya ba ni gudun kilomita 860 a daƙiƙa, gas na tahowa wajenmu. Na san an ga irin wannan guguwa a wasu wurare. Na'urar Chandra, wani tauraron ɗan Adam mai kallon eks-re, ta auna ta a tagwayen taurarin GX 13+1 tana gudun kusan kilomita 400 a daƙiƙa, kuma a 2005 baƙin ramin GRO J1655-40 ya nuna layuka da dama duk sun kauce gefe guda. Na rubuta "guguwa" da manyan baƙaƙe na kai ofis.

Malam ya ce, "Zauna. Na'urar da ka yi aiki da ita, faɗin idonta nawa ne a 6 keV?" Yana nufin ƙanƙantar tazarar da take iya rarrabewa. Na ce wajen eV 150. Ya ce, "To da ludayi kake son auna ƙwayar gero?" Ya sa na fitar da iyakar kuskuren awon a gabansa, ta fito ta fi kaucewar da nake tinƙaho da ita girma. Chandra tana da wani sashe mai tsefe haske filla-filla, shi ya sa take iya ganin abin da EPIC-pn, na'urar XMM-Newton da na yi aiki da ita, ba za ta gani ba. Gas mai ƙonanniyar ƙarfe yana nan, wannan ba shakka. Amma cewa yana gudu, bayanaina ba su isa su faɗa ba. Na goge kalmar, na rubuta cewa wurin layin ya yi daidai da gas da ke zaune a saman faifan.

Tun 1998 aka fara ba da rahoton irin waɗannan layuka, da tauraron ASCA na Japan. A Satumban 2023 Japan ɗin ta harba wani tauraron, XRISM, wanda na'urarsa ke rarrabe kusan eV 5 a wajen layukan ƙarfe. Takardar nan mai "guguwa" tana cikin jakata har yanzu, da jan biron Malam a kanta, ya zagaye 860 ɗin ya sa alamar tambaya biyu.