Mita tana ƙirga nawa, wa ke ƙirga nasu?

Ƙanƙara da zoɓo nake sayarwa a Tudun Wada, firiza biyu gare ni, don haka maganar wuta maganar tuwon gidana ce. Tun da aka sa mana mitar kati na huta da bil na kiyasi, wanda ake kawowa ko an sha wuta ko an kwana ana fifita. Yanzu in na loda kati ina ganin yunit yana sauka da idona. A nan ma na gano tsohuwar firizar ta fi sabuwar ci nesa ba kusa ba.

A takarda kam an daɗe ana gyara. A 2018 hukumar NERC mai kula da wutar lantarki ta ƙasa ta fito da tsarin MAP: ka biya kuɗin mita a sa maka, a 2021 kuma ta ce a riƙa mayar maka da kuɗinka ta yunit. Da yawa cikin maƙwabtana ba su ma san da mayarwar ba. A 2020 aka sa wa bil na kiyasi iyaka. Sai dokar lantarki ta 2023 da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu, wadda ta ba jihohi damar kafa hukumarsu ta kula da wuta.

Ga inda abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin yunit na 'yan Band A naira 225, bisa alkawarin wutar awa 20 a rana. Wato awa ake sayar mana. To mitar ba ta yafe mini ko kwabo, yunit na ƙarewa take yankewa, ko da tsakar azumi ne firiza cike da kaya. Amma awa nawa layinmu ya samu a wata? Sai dai musu a bakin shago, kowa da lissafinsa.

Mitocin zamani masu aika bayani ofis suna rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke. Lissafin yana nan, mu ne ba ma gani. NERC ta ce layin da ya gaza awanninsa za a sauke shi zuwa ƙaramin rukuni, madalla, amma ni da ƙanƙarata ta narke da me zan kafa hujja?

In 'yan majalisarmu ta jihar Kaduna da ke Lugard Hall za su taɓa dokar wuta, su sa layi ɗaya: duk ƙarshen wata a turo wa mai mita saƙo a waya, ga awannin da aka yi alkawari, ga waɗanda aka bayar, ga yunit ɗin da za a mayar masa na giɓin.