Godiya ga waɗanda suka tono mana Auta

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Yau mako uku cif da dusar ƙanƙara ta zaftaro ta binne ƙanena, autan gidanmu, a wani tsauni da ke kwarin Sellrain, kusa da Innsbruck a ƙasar Ostiriya. Jiya aka sallamo shi daga asibiti yana dogara sanda, da karaya a cinya da haƙarƙari uku. Alhamdu lillahi. Wayata cike take da kira da saƙonnin da ban amsa ba, daga Gusau, daga Kano, daga Maraɗi, har da waɗanda rabona da su tun muna makarantar kwana. Ku yi mini afuwa, hankalina ne bai kasance a jikina ba. Ga godiyar a wuri ɗaya, ga kuma amsar tambayar da kusan kowa ya yi mini: yaya abin ya faru?

Shekara uku ke nan Auta yana karatu a Innsbruck. Garin a tsakiyar tsaunuka yake, zamiya a kan ƙanƙara kuwa a wajensu tamkar ƙwallon yamma ce a wajen yaranmu. Sai dai iri biyu ce. Akwai filayen da aka gyara, inda ma'aikata ke tayar da nakiya su zubo da dusar da ke da haɗari kafin a buɗe wa jama'a. Akwai kuma masu barin waɗannan filaye, su manna wata fata a ƙarƙashin katakon zamiya, su hau tsauni da ƙafarsu su gangaro ta inda babu wanda ya duba musu hanya. Wannan na biyun Auta ya shiga, shi da abokansa uku.

Uku suka dawo da rai. Na huɗun, wanda ya fi su sanin tsauni, wanda ya koya wa Auta komai tun daga ɗaure takalmi, an binne shi kwana tara bayan faruwar abin. Shi ya sa farin cikin nan namu yake da ɗaci a ƙasansa, kuma ina roƙon masu taya mu murna su san da haka.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga abokan nan biyu take, mace da namiji, 'yan ajinsu. Suna tsaye a gefe suna jira lokacin da faifan dusa ya tsage a saman gangaren ya tafi da mutum biyu. Kowannensu yana ɗaure da wata 'yar na'ura a ƙirji mai aika sigina a kan mita 457 kilohaz, kuma a jakarsa akwai shebur da doguwar sandar laluba. Yarinyar ta kira 140, lambar masu ceto a tsaunukan Ostiriya, ta faɗi inda suke, sannan suka juya na'urorinsu zuwa nema. Siginar Auta ce ta fi kusa. Suka soka sanda suka ji jiki, suka hau haƙa.

Da nake yi wa Inna bayani a waya, na rasa yadda zan kwatanta mata, domin ita dusa a hoto ta san ta, fara, laushi kamar auduga. Sai na ce mata ta tuna yadda ramin haƙar zinare yake ruftawa da mutane a wajenmu. Nan take ta gane, ta yi salati. Dusar da ta zaftaro, da zarar ta tsaya sai ta daskare kamar siminti. Auta ya ce ko yatsa bai iya motsawa ba, bai ma san ina ne sama ina ne ƙasa ba. Abin da ya tuna kawai ya kai hannu gaban bakinsa kafin komai ya tsaya, ya yi kalmar shahada a zuci, daga nan bai ƙara sanin inda yake ba.

Cikin minti goma sha ɗaya suka kai ga fuskarsa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san abin da wannan adadi yake nufi, shi ya sa duk lokacin da na tuna shi sai jikina ya yi sanyi. Binciken da likitocin tsaunukan Alps suka yi ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka tono cikin minti 15 na farko suna rayuwa, amma zuwa minti 35 abin ya faɗo kusan kashi 30, domin yawanci rashin iska ne ke kashe su. Jirgi mai saukar ungulu komai saurinsa da wuya ya riski wannan ɗan lokaci. Abokin tafiyarka da sheburinsa, su ne sanadin da Allah yake bari a hannunka. Yaran nan biyu sun haƙa har tafin hannunsu ya sale, suka share masa baki ya ja numfashi, suka bar shi a haka suka ruga wajen na biyu. Shi ya yi zurfi sosai. Sai da masu ceto suka iso aka kai gare shi, lokaci ya riga ya ƙure.

Na zauna da yarinyar a harabar asibiti a daren. Tana ta maimaita cewa da sun fara da ɗayan. Na riƙe hannunta na ce mata ba ita ta zaɓa ba, abin da aka koya mata ta bi, rai kuma yana da Mai shi. Idan wannan saƙo ya iso gare ku ta hanyar fassara, ku sani kuna da gida a Gusau har abada. Inna ta ce 'ya'yanta ne ku.

Ina godiya ga masu ceto na Bergrettung Tirol, ƙungiyar ceto a tsaunuka ta jihar Tirol, wadda Innsbruck yake cikinta. Sai daga baya na san 'yan sa kai ne, masu sana'o'insu, suna barin aiki da iyali su hau gangaren da yanzun nan ya kashe wani, domin mutumin da ba su taɓa gani ba. Ina godiya ga matuƙin jirgi da likitan da ke ciki, da likitoci da 'yan uwana ma'aikatan jinya na asibitin jami'a da ke Innsbruck, waɗanda suka ɗumama jikinsa a hankali suka gyara cinyar. Abokan aikina a Munich sun raba ranakun aikina a tsakaninsu tun kafin in roƙa. 'Yan uwa Hausawa da ke Vienna da Munich, wasunku sun yi tafiyar awa huɗu a jirgin ƙasa da kular tuwo da miyar kuka, abin da ya fara ci ke nan da marmari. Kawu da Baffa da suka tsaya kusa da Inna, da malaman unguwarmu da suka yi saukar Alƙur'ani a daren farko, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Akwai abin da Auta da kansa ya ce in rubuta, domin yaranmu da ke karatu a Ostiriya da Jamus da Faransa da Suwizalan suna ƙaruwa, kuma ba shi kaɗai ne ya ɗauki wannan wasa ba. Kullum da ƙarfe biyar na yamma hukumar Tirol tana fitar da rahoton haɗarin zaftarewa na washegari, daga mataki na 1 zuwa na 5. A ranar mataki na 3 ne. Sun karanta, ba wai ba su karanta ba. Ni kaina da ya faɗa mini da safe cewa uku ne, hankalina kwanciya ya yi, na ɗauka tsaka-tsaki ke nan. Ashe kusan rabin masu mutuwa a mataki na 3 suke mutuwa, domin a 4 da 5 tsoro yana zaunar da mutane a gida, a 3 kuwa rana ta fito, sabuwar dusa tana ƙyalli, kowa ya fita.

An yi dusa da iska mai ƙarfi a tsakiyar makon. Iskar ta tara ta a kan wani tsohon shimfiɗi mai ɓarɓashi kamar sukari, wato ɗaɓe a kan yashi. Karkatar gangaren ta haura digiri 35, alhali daga 30 ne haɗarin yake farawa. Ya ce suna hawa suka ji ƙasa ta yi wani gum a ƙarƙashinsu, alamar da kowane mai koyo ya san ma'anarta ita ce a juya. Suka dubi juna, babu wanda ya ce uffan. Ga sawun wasu da suka riga su wucewa lafiya, ga gwaninsu a gaba, shi kuma baƙo ne ɗan koyo, kunya ta hana shi cewa yana jin tsoro. A wajen gangarowa ma, maimakon ɗaya bayan ɗaya, sai ya bi bayan abokinsa kurkusa. Wannan kunyar ita ta fi tsaya mini a rai, domin mu aka raina da ita, ba a musu da na gaba. Tsauni bai san gwani ba: a watan Fabrairun 2022, a Spiss da ke nan Tirol, mutum biyar suka mutu a zaftarewa ɗaya, har da jagoran da ya san wurin. Kimanin mutum ɗari ke rasuwa haka duk hunturu a tsaunukan Alps, kuma mafi yawansu su ko abokan tafiyarsu ne suka tayar da dusar da ta binne su. Ƙaddara gaskiya ce, na yi imani da ita. Amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Godiya ta ƙarshe ita ce wadda ta fi mini nauyi. Kwana biyu bayan jana'izar ɗanta, mahaifiyar marigayin ta zo asibiti. Da na ga ta shigo gabana ya faɗi, na rasa inda zan sa idona. Ta ja kujera ta zauna kusa da gadon, ta ce Auta ya ba ta labarin awar ƙarshe ta ɗanta, me ya ci, me ya ce, ya yi dariya kuwa. Ya faɗa mata yana kuka. Da za ta tafi ta shafa kansa ta ce ya warke, kada ya ɗora wa kansa laifi. Shi kaɗai ne ɗanta. Allah ya ba ta haƙuri, ya sanyaya mata zuciya.

Ranar Juma'a Inna za ta yi sadaka a gida bayan an sauko daga masallaci, duk wanda yake kusa ana gayyatarsa. Auta yana gaishe ku. Masu son kiransa su bari sai bayan la'asar, a kuma taƙaita, domin haƙarƙarin bai bar shi doguwar magana ba tukuna. Don Allah kada a tambaye shi me ya kai shi, ya riga ya tambayi kansa fiye da yadda za ku tambaye shi.