Kankaren toka da gajen haƙurina

Mahaifina magini ne, don haka tun ina firamare na san kwaɓin siminti da yashi. Toka kuwa a gidanmu aikinta ɗaya, Inna ta goge bayan tukunya da ita. Sai da karatu ya kai ni Indiya na ga ana ɗora bene da ita.

Kwal ɗin ƙasar akwai toka, wani ma takan kai kashi 40 cikin 100. Tashoshin lantarkinsu da ke ƙona kwal ɗin na fitar da toka sama da tan miliyan 200 a shekara, da can sai a dama ta da ruwa a tura manyan kududdufai. A 1999 gwamnati ta wajabta wa masu yin bulo a kusa da tashoshin su riƙa haɗawa da ita. Buhun simintin da ka ga an rubuta PPC, kashi 15 zuwa 35 na cikinsa toka ce. Wadda ta kwanta a kududdufi kuma ciko ake yi da ita, kamar hanyar hawa gadar Nizamuddin a Delhi.

Ranar da na fara taɓa ta a ɗakin gwaji, na murza a yatsu, laushi kamar hoda. Ƙwayoyinta mulmulallu ne, shi ya sa kwaɓin ke sulɓi a bakin cokali, ba ya cin ruwa da yawa. Na zuba ƙananan curin kankare, wasu zallar siminti, wasu da toka. Bayan kwana bakwai muka sa su a injin matsewa, masu tokar suka riga fashewa. Wallahi har na ɗauko sauran zan zubar, na ɗauka awon na ɓata.

Dattijon da ke kula da ɗakin ya yi dariya, ya ce in mayar cikin ruwa. Ashe idan siminti yana kamawa, yakan bar wani sinadari dangin farar ƙasa, shi tokar ke ci a hankali tana toshe ƙananan ramuka. Sharaɗin dai kada kankaren ya bushe. Bayan wata uku muka sake gwadawa, masu tokar suka wuce.

Na kira Baba ina ta ɗoki. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Wata uku? Kai yaro, nan fa bulon da aka buga yau, jibi yana kan mota. Ban ruwan ma sai in maigida yana tsaye."