Haɗa tankar Tiger ta ƙarfe: a ƙafafu aikin yake

Tankar da na haɗa kwaikwayon Tiger I ce, wadda kamfanin Henschel ya ƙera a garin Kassel na Jamus daga watan Agustan 1942 zuwa Agustan 1944, guda kusan 1,350. Ma'aunin tawa ɗaya bisa shida ne: jikinta ya ɗan haura mita ɗaya, idan aka haɗa da bakin bindiga ta kai kamar mita 1.4, nauyinta kuma ya wuce kilo 100. Alminiyam ne mafi yawa, sai baƙin ƙarfe da ɗan tagulla. Saboda wannan nauyi, tun ranar farko na ɗora ta a kan tebur mai tayoyi wanda ake ɗagawa a sauke, don da zarar an ɗaure bangon jikin, mutum ɗaya ba ya iya juya ta.

Kafin a taɓa sifana, a yanke shawarar wace Tiger ake so. Ta farko-farko tana da ƙafafu 24 a kowane gefe masu roba a baki, da matatun iska na Feifel a baya. Daga Fabrairun 1944 aka koma ƙafafu masu bakin ƙarfe, 16 a kowane gefe. Fenti ma haka: toka-toka mai duhu har zuwa Fabrairun 1943, daga nan ruwan ɗorawa mai duhu. Shi kuwa Zimmerit, wato yaɓen nan mai layi-layi da aka yi don hana nakiyar maganaɗisu mannewa, sai a wajen ƙarshen 1943 aka fara shi. Wanda ya shafa shi a kan tanka mai launin toka ya haɗa zamani biyu da ba su haɗu ba. Ni na bi Tiger 131, wadda sojojin Ingila suka kama a Tunisiya a Afrilun 1943, tana gidan tarihin tankoki na Bovington a Ingila, kuma ita kaɗai ce Tiger I da ke iya tafiya har yau. Hotunanta sun yi yawa, shi ya sa na zaɓe ta.

Kowane ƙarfe na bi bakinsa da magagari da sanfefa, na haɗa jikin gaba ɗaya ba tare da na matse noti ko ɗaya ba. Sai da na auna kusurwa zuwa kusurwa, tsawon biyu suka zo daidai, sannan na matse daga tsakiya zuwa gefe. Jiki ya karkace da milimita biyu kawai, sarƙar da tanka ke tafiya a kanta za ta riƙa hawa haƙoran giya tana zamewa, kuma ba a gane musabbabin sai an kwance komai. Noti na ƙarfe a ramin alminiyam yana son hannu mai laushi: a fara murɗa shi da yatsu, in ya cije a fitar a share zaren, don idan aka tilasta shi zaren ya tafi ke nan. Ruwan kulle noti shuɗi nake sawa. Jan ba ya sakewa sai da wuta, wuta kuma tana cin fenti da roba.

Alminiyam ba ya riƙe fenti haka kawai. Sai an wanke maiƙo tas, a fesa shimfiɗar nan mai acid da ke kama ƙarfe, a bar ta kwana ɗaya, sannan jan shimfiɗa irin wadda masana'antun Jamus suke fara sawa. Ƙasan jiki da ƙafafu duk na fente su kafin haɗawa, domin bayan haɗawa hannu ba ya shiga.

Nan ne wurin da ake daɗewa. Tiger ba ta da sifirin mai naɗi. Sandunan ƙarfe 16 ne suka ratsa cikinta, kowanne yana murɗewa idan ƙafarsa ta taka tudu. Hannayen da ke riƙe ƙafafun suna kallon gaba a gefe ɗaya, suna kallon baya a ɗaya gefen, kuma haka ainihin tankar take, kada a ɗauka kuskuren zane ne a "gyara". Na yanka katako na yi ma'aunin kusurwa, na saita hannayen 16 da shi ɗaya bayan ɗaya. A bar su sun ɗan fi sauka ƙasa fiye da yadda ido ke so, saboda hasumiyar bindiga da batura suna zuwa, za su danne ta. Inda sukurun matsewa zai zauna a kan sanda, a goge wurin ya yi shafaffe. A kan zagayayyen ƙarfe sukuru yana sulɓewa, sai ka ga tanka ta zauna a gefe ɗaya bayan tafiyar minti goma. Ƙafafun kuma saƙe suke cikin juna kamar yatsun hannu biyu, don haka jerin sa su dole ne: na ciki, na tsakiya, na waje. Makanikan Jamus sukan cire har ƙafa tara kafin su kai ga ta ciki guda ɗaya, kuma ƙaramar ma ba ta rage maka ko ɗaya.

Sarƙa kowane gefe gaɓa 96 ce, kowace da ƙusarta. Duk gaɓar da ba ta lanƙwasa da nauyin kanta ba, na sake share raminta. Ban sa mata giris ba, yashi yana manne masa ya zama abin gogewa. Boris kaɗai ke samun giris. Ana ja ko sassauta sarƙa daga ƙafar baya. Daidai shi ne ta sauko daga giyar gaba ta kwanta a kan ƙafafu. In ta yi tsauri, injinan lantarkin da ke juya ta suna zafi suna shan batir. In ta yi sako-sako, a kwana za ta fita.

Wuta kuwa batir biyu ne masu bolt 12 a jere, su ba da 24, da fis kusa da batir da makunni da hannu ke kaiwa daga waje. Gwajin farko na yi shi tanka tana kan katako, sarƙa tana lilo a iska, don abu mai wannan nauyi idan rimot ya juya masa gaba da baya, ƙafar mutum yana iya karyawa. Bayan awa ɗaya ta tafiya a ƙasa na sake bin notinan ƙafafu duka, na sake jan sarƙa, domin sabuwa tana miƙewa a tafiyar farko.